Ƙwallon da Delia Za Ta Kai Roma

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Delia ta zo. Jikata ta zo gidana, kuma ba kwana ɗaya za ta yi ba.

Ubanta Mirko ne ya kawo ta, da jaka biyu da wani zomon roba mai kunne ɗaya. Ko zama bai yi ba. A bakin ƙofa ya ce, "Baba Evaristo, ga ta nan. Ni zan zauna a wurin Moira." Na ce to. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara ba. Ya juya mota ya koma Roma, asibitin da 'yata Moira, uwar Delia, take kwance.

Na san bai kamata in yi murna ba, in aka duba dalilin da ya kawo ta. Amma tun da matata Nazzarena ta rasu ban ƙara jin takun kowa a benen nan ba sai nawa. Yau na ji ƙafa tana hawa da gudu. Na tsaya a kicin da ludayi a hannu ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Na ba ta ɗakin uwarta. Shekararta goma. Ta ci taliya cokali uku ta ture kwanon.

Malaminmu na makarantar yamma, wanda ya koya mini karatu ina da shekara arba'in da furfura a gemu, yakan ce wanda ya rasa abokin hira ya nemi takarda. To ga ni na nema.

Talata, 6 ga Mayu, da rana

Na kai ta makarantar unguwa, sun karɓe ta zuwa ƙarshen zango. Mirko ya buga waya. Ba canji. Na share tsakar gida.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Yau ta yi mini magana mai tsawo.

Ta hau kujera ta sauko da tsohon ƙwallon sofbol da ke kan kabad, na wasan nan da ake duka da kulki a ruga. Fari ne a da, yanzu ya koma launin haƙorin mashayin taba. Ta juya shi ta ga rubutu.

"Kaka, wa ya yi wannan rubutun? Kamar kaza ta bi ta kan laka."

Na ce, "Ja'ira, kakanki ne. Watana huɗu da fara makaranta a lokacin. Sunan uwarki shi ne abu na farko da na rubuta a wajen aji."

Sai na ba ta labarin al'adar filinmu a nan Nettuno. Ranar da yaro ya fara dukan ƙwallo a wasan gaske har ya kai zangon farko lafiya, akan tsayar da wasa, a ɗauko ƙwallon a ba shi. A rubuta sunansa a jiki, shi kuma ya kai wa wanda ransa ya so. Moira tana da shekarun Delia ta samu nata, ta keta filin nan da gudu ta danƙa mini.

"Me ya sa kai ta ba, ba ta ba Kaka Nazzarena ba?"

"Don ni na koya mata," na ce. Na buga ƙirji.

Ta daɗe tana kallon ƙwallon. Da na hau kashe mata fitila na tarar ta kwantar da shi kusa da zomon.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

Ita ta ce in kai ta fili, ba ni na ce ba. Ina so a san wannan.

Mai koyar da 'yan matan yanzu Ombretta ce, wadda suka yi wasa tare da Moira. Ta ga yarinyar ta gane ta tun kafin in buɗe baki. Ta rungume ta, ta dube ni ta saman kanta, na girgiza kai. Ta gane. Ta ce, "Zo nan, 'yar ƙawata, mu nemo miki hular kwano daidai kanki."

Ƙamshin filin bai canja ba. Jar ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, da ciyawar da aka yanke, da iskar teku. Babana ya ga wasan nan a hannun sojojin Amurka bayan yaƙi, ya ɗauko shi ya kawo gida kamar mura, duk muka kamu. Da safe muna jan taru, da yamma muna besbol, wato sofbol ɗin maza, da tsohuwar safar hannu guda ɗaya da muke karɓa-karɓa. Ni mai jifa ne. Akwai wanda har yau in ya gan ni a kasuwar kifi sai ya dafe haƙarƙarinsa.

Ta cinye abincinta yau. Har ta goge kwanon da burodi.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Mirko ya ce in kawo ta yau ta ga uwarta. Na guge mata riga, na sayi tikitin jirgin ƙasa. Ta zauna a matakalar bene ta ce ba za ta ba.

"Uwarki ce fa, Delia. Tana tambayarki."

"Ba zan je mata hannu banza ba. Sai na samu ƙwallona."

"Ke da kika fara jiya?"

"To sai ka koya mini da sauri. Ba kai ka koya mata ba?"

Na lallashe ta, na yi faɗa, na sake lallashi. Ta riƙe ƙarfen bene da hannu biyu har yatsunta suka yi fari. Ita kaɗai ce a gida ranar da aka zo aka ɗauki uwarta zuwa asibiti. Abin da ta gani ta gani. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Na dai gane tana neman abin da za ta riƙe a hannu in ta shiga ɗakin can.

Na cire takalmin zuwa unguwa na sa na aiki. Muka fita tsakar gida.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

Yarinyar nan jininmu ce! Na nuna mata yadda muke yi: a ɗaga ƙafar gaba, a taka da nisa, a sauke kafaɗar baya, a ɗauko kulkin daga ƙasa a kwashi ƙwallon zuwa sama kamar mai jefa buhu kan mota. Na tsaya jikin itacen ɓaure ina jefa mata, hannu ta saman kai, yadda na saba tun ina saurayi. Ta doki na farko, ta doki na biyu. Na huɗu ya haure katanga, muka ji ƙarar tukunya.

Sai ga kan Quirino maƙwabcina ya leƙo, da reshen tumatir a hannu.

"Evaristo! Ka tsufa ba ka bar ɓarna ba? Wannan tumatirin tun Maris nake renonsa."

"Ka yi murna, tsoho. Wata rana za ka ce gwanar duniya ce ta fasa maka tukunya."

"Gwanar duniya ta zo ta share ƙasar, to."

Tare muka tashi da Quirino, amma shi bai taɓa riƙe kulki ba. Wasansa boce, wato ya tsaya da 'yan uwansa tsofaffi a inuwar dandali suna lilo da hannu ta ƙasa suna gara ƙwallaye. Shekara hamsin ina ce masa wannan jifan tsohuwa ne mai watsa wa kaji tsaba.

Delia ta yi dariya yau. Dariyar uwarta sak, har da shaƙuwar ƙarshe.

Jumma'a, 16 ga Mayu, da rana

Mirko ya buga waya. Ba canji. Na share tsakar gida.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Wasanta na farko. Sau biyu ta shiga, sau biyu ta fita ba ta ko taɓa ƙwallon ba. Ta kai duka da dukkan ƙarfinta, kulkin ya sari iska, ƙwallon ya wuce ta samansa.

Na ce mata tsoron jama'a ne, kowa da haka ya fara. Muka sha ƙanƙara mai lemo a hanya. Rabin tata ta narke a hannunta.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

A tsakar gida ba ta kuskure. Quirino ya kwashe tukwanensa ya mayar bayan gida.

Na tuna shekarar da nake makarantar yamma. Ina dawowa daga teku in jefa wa Moira ƙwallo kaɗan, in wanke hannu da lemon tsami don kada littafi ya yi ƙarnin kifi, in ɗauki jakata. Nazzarena ta tsaya a ƙofa tana gyara mini kwala tana cewa, "Ɗan makaranta, kada ka tsaya wasa a hanya." Moira tana bayanta tana ƙunshe dariya. Nakan bar su biyun a tsakar gidan nan, rana tana shirin faɗuwa. Ban san na fi kowa arziki ba a lokacin.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Ombretta ta tare ni a bakin shingen fili bayan atisaye.

"Baba Evaristo, a gida yaya kake jefa mata?"

"Yadda ake jifa."

"Ai wasanmu ba naku ba ne. Da za ka bar mini ita..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "'Yar nan, ina jifa a filin nan ubanki bai fara aske gemu ba." Na ja hannun Delia muka tafi.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Mirko ya buga waya. An canja mata ɗaki. Ban tambayi wane iri ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

Wasa na biyu. Haka dai. Wata 'yar ƙarama da ba ta kai kafaɗar Delia ba ta samu ƙwallonta yau, aka tsayar da wasa ana tafi. Delia ma ta tafa. Da muka zo gida ta hau sama ba ta ci komai ba.

Talata, 27 ga Mayu, da rana

Mirko ya buga waya. Talata mai zuwa za su yi abin da za su yi, wato tiyata. Likita ya ce in akwai wanda Moira take son gani, a kawo shi kafin ranar.

"Baba Evaristo, ka ɗauko ta ko tana kuka. Wasan yara ne fa wannan."

Na ce na ji. Amma na san yarinyar. In na ɗauke ta da ƙarfi za ta shiga ɗakin ta rufe ido ta juya wa bango fuska, kuma wannan ne uwarta za ta shiga da shi ranar Talata. Na yi tunanin in sayi sabon ƙwallo, ko in roƙi Ombretta ta sa a jefo mata mai sauƙi. Jikar Nazzarena ce, ba a yi mata wayo.

Na faɗa mata gaskiya, iya wadda zan iya. Ta ce, "Saura wasa ɗaya kenan, na Lahadi." Ta ɗauki kulki ta fita. Na jefa mata har duhu ya fara.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Kafaɗata ta ƙi. Na tashi da safe hannun dama ba ya wuce ƙirji, ko hula da hagu na sa.

Da ta dawo makaranta ta tsaya a wurinta tana jira. Na duba katanga ko Quirino yana leƙe, ban gan shi ba. Na ce, "Yau kawai, kada ki faɗa wa kowa." Na matso kusa, na lila hannu ta ƙasa na sako mata.

Ta sari iska.

Na sake. Ta sari iska. Ƙwallon ya wuce ta saman kulkin, daidai yadda yake yi a fili. Sau nawa na jefa ban sani ba, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ta jefar da kulkin ta ce, "Ka gani? Har a gidan ma na lalace."

Ni kuwa na tsaya baki buɗe. A besbol mai jifa yana nesa, a kan tudu, ƙwallo daga sama yake gangarowa, shi ya sa muke ɗauko duka daga ƙasa mu tare shi. A sofbol yarinya tana kusa, daga gwiwarta take sako shi, yana zuwa yana hawa. Duk makonnin nan ina koya wa jikata tarar abin da ke saukowa, alhali nata tashi yake. Ina zaune a benci ina kallo da idona, amma besbol kawai nake gani.

Na ce, "Ba ke kika lalace ba, kakanki ne jaki. Tsaya nan."

Na zagaya na buga ƙofar Quirino. Ya fito da cokali a hannu.

"Me kuma aka fasa?"

"Quirino, hannunka nake so aro. Ka zo ka jefa wa yarinyar nan. Ta ƙasa."

Ya sa hannu a bayan kunne. "Ta ina? Kunnen nan ya tsufa."

"Ta ƙasa, na ce."

"Jifan tsohuwa mai watsa wa kaji tsaba?"

"Shi."

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya dubi fuskata da kyau. Ya ajiye cokalin a kan taga ya ce, "Bari in sa takalmi."

Jumma'a, 30 ga Mayu, da yamma

Ashe tsohon nan yana da hannu. In ya lila ya saki, ƙwallon har fito yake yi.

Na je na ba Ombretta haƙuri jiya. Ta ce, "Baba, ai na so in faɗa maka, ka tsare ni da gemun babana." Ta biyo mu gida ta gyara wa Delia tsayuwa. Ba ɗaga ƙafa, ba sauke kafaɗa. Hannaye a sama kusa da kunne, duka gajere, a miƙe. Delia ta kasa kamawa, jikinta yana komawa wancan nawa. Sai na tuna yadda Nazzarena take share ɓarɓashin burodi daga kan tebur da gefen hannu, shafa ɗaya. Na ce, "Share tebur, Delia. Kada ki ɗaga buhu, share tebur kawai."

Ta fara taɓawa. Wani ya karkace, wani ya faɗi gabanta. Quirino yana ihu, "Share, 'yar gidan jaki, share!"

Asabar, 31 ga Mayu, da rana

Mirko ya buga waya. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Wasa na uku, na ƙarshe kafin Talata.

Shigarta ta farko ta ɗaga ƙafa, ta sari iska, ta fita. Ta biyu ta taɓa, ya karkace baya, daga nan ta fita. Na ce a raina shi kenan, gobe zan ɗauke ta ko tana kuka. Quirino yana gefena, shi da bai taɓa zama a bencin nan ba, yana murza hularsa kamar mai matse wanki.

Shiga ta uku. Jifa na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Na miƙe tsaye ban sani ba, na kwarma, "Share tebur!" Duk filin aka juyo ana kallon mahaukacin tsoho.

Ta share.

Ba wani dukan kirki ba ne, in faɗi gaskiya. Ya bi ƙasa yana tsalle, ya wuce ta gefen ƙafar mai jifa, ya ratsa tsakanin yara biyu da kowace ta zaci ɗayar za ta ɗauka. Delia ta tsaya tana kallo. Ombretta ta yi ƙara, "Gudu, ke!" Ta zura, hular kwano tana rufe mata ido, ta taka zangon farko kafin ƙwallon ya iso.

Alƙali ya ɗaga hannu aka tsayar da wasa. Quirino ya sumbace ni a kunci, ban ko goge ba.

Ta kawo mini ƙwallon, rawaya shar, da jar ƙasa a gefe. Ta ce, "Ba naka ba ne, rubutu kawai za ka yi. Kuma ka yi mai kyau." Na ɗora a gwiwa na rubuta DELIA. Ko malaminmu ya gani ba zai sa jan biro ba.

Ta ce, "Ƙarfe nawa jirgin safe?"

Litinin, 2 ga Yuni, da yamma

Mun je.

A bakin ɗakin ta tsaya. Na ga ta matse ƙwallon da hannu biyu a ƙirji. Sai ta tura ƙofa da kafaɗa ta shiga, idonta a buɗe.

Ba zan rubuta yadda na sami 'yata ba. Zan rubuta cewa ta buɗe tafin hannu, Delia ta sa mata ƙwallon, ta naɗe mata yatsu a kai ɗaya bayan ɗaya. Sai bakin yarinyar ya ɓalle. Ta ba ta labarin tukunyar tumatir, da hular kwano, da kafaɗata, da yadda na je roƙon Quirino.

Moira ta juyo da ido wurina. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, ta sama ka riƙa jefa mata, ko?"

Na ce e.

"Ni ma haka ka yi mini. Kana ɗaukar jaka ka tafi makaranta, Mama take ɗaure zanen gabanta ta fito ta jefa mini ta ƙasa, har magariba. Ta ce kada in faɗa maka, wai mutumin da ke fama da baƙaƙe a wannan shekarun a bar masa abu ɗaya da yake gani ya iya."

Na ce, "To me ya sa ni kika kawo wa ƙwallon?"

"Ita ta nuna mini kai da haɓa."

Delia ta fashe da dariya, uwarta ta taya ta iya ƙarfinta, shaƙuwa biyu a ɗaki ɗaya. Ni na je taga na daɗe ina duba motocin Roma.

Ta hana a ɗora ƙwallon a kan tebur. A hannunta muka bar shi.

Talata, 3 ga Yuni, da rana

Ba waya tukuna. Na share tsakar gida. Quirino ya shigo ya karɓe tsintsiyar ya zauna kusa da ni.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

Mirko ya buga waya. Ta farka. Ya ce da sauran tafiya, kada mu yi saurin murna. Ya makara, na riga na yi. Ya ce abin da ta fara tambaya shi ne wa ya ɗauke mata ƙwallo.

Delia ta cinye burodi biyu ta tafi makaranta da gudu. Ni na sauko da tsohon ƙwallon na goge shi, na sa a aljihu. Zan hau maƙabarta in kai wa mai shi, Nazzarena. Ina da magana da matar nan.